Raunin da ke Ƙeyar Dogo

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Saje da duk mutanen gidan. Yaya gwiwarsa? Ki ce masa ya bar soja shekara goma sha biyu yanzu, zuwa wurin likita ba zai rage masa igiya ba. Ni ma lafiya lau nake, in ban da bayana da ke ciwo saboda yawan durƙuso.

Na san abin da za ki ce. Auta ya yi wata uku bai rubuto ba, yau da ya rubuto kuma zancen matattu zai kawo. To haƙuri za ki yi, don abin da muka samu bana ban taɓa ganin irinsa ba. Masu aikin titi ne suna haƙa a bayan gari, motarsu ta tono ƙashin mutum. Aka tsayar da aiki, aka kira jami'armu. Yaya, rami ɗaya, mutum arba'in da uku, an zuba su a kan juna tun wajen shekara ɗari shida da suka wuce. Mayaƙa ne na zamanin takobi da sulke, mutanen da na yi shekara goma sha biyar ina koyar da labarinsu daga littafi. Yau ga su a hannuna.

Da buroshin fenti da ƙaramin cokali muke aikin. Kowane mutum da kwalinsa, kowane kwali da lambarsa. In an kawo su makaranta sai mu shimfiɗa su a kan dogon tebur a wani ɗaki da ke ƙasan bene, mu jera su daga kai har yatsun ƙafa. Na sa wani maƙeri ya ƙera mana takobi da gatari da mashi irin nasu, na sayo ƙasusuwan shanu a wurin mahauci, ɗalibai suna sara muna gwada shaidar da ta jikin mutanen ramin. Mahaucin ya ɗauka na zare. Ranar nan ya tambaye ni ko miya nake yi da su, na ce a'a, jarrabawa.

Ɗalibaina kuwa sun ba ni dariya. Yawancinsu sun shigo ajin ne don waƙoƙin jarumai da nake karanta musu, wane ya tsaya shi kaɗai ya tare ɗari, wane ya mutu yana murmushi. Da suka ga ƙoƙon kai a fashe, wata ta fita da gudu ta yi amai a bakin ƙofa.

Kin san abin da ya fi ɗaure mini kai? Mawaƙan zamaninsu sun ce gaba da gaba aka yi, ba wanda ya ja da baya. Amma a cikin arba'in da ukun nan, talatin ta baya aka sare su. Duk wanda kika ga rauninsa a ƙeya, Yaya, gudu yake yi aka cim masa. Ya jefar da garkuwa, ya tuɓe kwalkwali don ya ji sauƙin gudu, mai doki ya biyo shi ya gama da shi. Jaruman ke nan da muke ta yi wa kirari.

In ɗanki Dogo ya zo hutu daga bariki, ki ce masa kawunsa ya samo sabon labarin yaƙi, sai dai wannan ba zai yi masa daɗi kamar na da ba. Ki gaishe mini da matarsa.

Jibi za mu koma ramin, sati shida za mu yi, kuma wasiƙa ba ta zuwa can. Kada ki ji shiru ki ce na manta da ku.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Ina gaishe ka. Mu nan da sauƙi.

Dogo ya rasu. Ranar Talata wasu sojoji biyu suka zo da mota, suka ce an kai wa sansaninsu hari, mutane sun watse, daga baya aka tsinci gawarsa a daji. Ba su faɗi ranar da abin ya faru ba, ni ma ban tambaya ba. Suka kai mu asibitin bariki ni da Saje. An rufe shi da farin ƙyalle har wuya, fuskar kawai aka buɗe mana. Shi ne. Ya rame ƙwarai. Jiya aka binne shi.

Na sa an buga wayar ofishinku har sau uku, aka ce kana daji wurin aiki. Ban san yaushe wannan za ta same ka ba, kuma rabon da in ga wasiƙarka an fi wata uku.

Na rufe shagon ɗinki. Ka yi masa addu'a.

Yayarka

*

Auta,

Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya a inda kake. Matar Dogo ta fara cin abinci kaɗan-kaɗan. Ni ina nan dai.

Wasiƙarka ta zo kwana tara bayan binne shi. Da na ga rubutunka a bayan ambulan na ce alhamdulillahi, Auta ya ji, ga ta'aziyyarsa. Idona ya kumbura ba na ganin ƙananan baƙaƙe, sai na miƙa wa Saje na ce ya karanta mana. Muna falo mu uku, ni da shi da matar Dogo. Ya fara karantawa, na gane ba ka ji ba tukuna, na ce ya bari. Ya ce a'a, bari mu ji muryar yaron. Har ya ɗan murmusa a wurin mahauci.

Akwai abin da ban rubuta maka ba, don ni ma a lokacin ban sani ba. Ranar da muka je asibiti, Saje ya sa hannu a ƙarƙashin kan Dogo, na ɗauka shafa shi yake yi. Ashe dubawa yake yi, irin ta tsohon soja. Harsashin a ƙeya ya shiga. Bai gaya wa kowa ba, ya bar wa cikinsa.

To sai ya iso layin nan naka na wanda aka ga rauninsa a ƙeya. Ya tsaya. Ya koma ya sake karanta shi a hankali. Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ya miƙe da sandarsa, ya je bango ya sauke hoton Dogo, wanda yake sanye da kakinsa, ya kife shi a saman kabad. Ya juyo ya gaya mana abin da hannunsa ya taɓa, a gaban matar. Yarinyar nan ta zube ƙasa.

Tun ranar bai sake kiran sunan ɗansa ba. Abokan aikin Dogo sun zo su huɗu, ya ƙi fitowa, ni na tarbe su a ƙofa ina ƙaryar yana barci. Na ce masa haba Saje, mutanen shekara ɗari shida Auta yake magana a kai. Ya ce ƙeya dai ƙeya ce, da can da yanzu. Ya ce mai ilimi ne ya faɗa, kuma ya faɗa ne bai san da zancen ba, balle a ce ya yi son kai. Ka san yadda ya ɗauke ka. Duk baƙon da ya zo gidan nan sai ya ji labarin ƙanin matarsa malamin jami'a.

Na duba kwanan wata, na san ka rubuta ta tun kafin labarin ya iso mana. Na sani, amma sanin bai hana ni jin haushinka ba. Wata uku ba ka rubuto ba, Auta, da ka ƙara sati biyu me zai ci ka?

Ɗana ya mutu, kuma ubansa yana jin kunyarsa. Kai ka jawo, kai za ka gyara.

Yayarka

*

Yaya,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Dogo, ya yi masa rahama, ya ba ku haƙuri ke da Saje da matarsa. Ban san yadda zan tambayi lafiyarku ba bayan abin da na yi.

Jiya muka dawo. Na tarar da wasiƙunki biyu a akwatina na ofis, ɗaya a kan ɗaya. A tsaye na karanta su, a bakin matakala, ɗalibai suna wucewa suna gaishe ni. Na nemi izinin tahowa, aka ce sai an gama zangon karatu, don ba mai riƙe mini aji. Ko an ba ni ma ban san da wane ido zan kalle ki ba.

Ki saurare ni da kyau, kuma ki karanta wa Saje wannan. Abin da na rubuta muku ba daidai ba ne. Ba ma faɗin haka a wurin aiki. Wallahi in ɗalibi ya rubuta mini cewa wannan mutum gudu yake yi, jan biro nake sawa in soke. Sai in ce masa ya rubuta cewa saran ya zo daga baya, ya tsaya nan. Abin da ƙashi ya nuna ke nan, sauran kuma zato ne. Mutum yana iya juyawa don ya ɗaga ɗan'uwansa da ya faɗi. Ana iya zagaye shi yana fama da na gaba, na baya ya sare shi. Yana iya faɗuwa rub da ciki da wani raunin, a zo a ƙarasa shi. A ramin nan namu akwai wani, lamba ta goma sha ɗaya, da sara shida a dantsensa da fuskarsa, na bakwai ne kawai a ƙeya. Wa zai ce wannan gudu ya yi?

Duk na san wannan lokacin da nake rubuto miki. Na faɗa miki yadda na faɗa ne don labarin ya yi armashi, don in burge yayata, kamar yadda nake ƙara wa Dogo gishiri yana yaro. Abin da ba zan yarda ɗalibin aji ɗaya ya rubuta ba, shi na aiko gidanku.

Daga rauni ɗaya ba a iya sanin komai. Sai an ga jikin duka, hannuwa, gwiwoyi, haƙarƙari, ta ina harsashin ya shiga, daga nesa ko daga kusa. Likitan da ya karɓi gawar dole ya rubuta takarda a kan abin da ya gani. In za ki iya samun kwafinta ki aiko mini. Ni ba likita ba ne, amma karanta rauni shi ne abincina, kuma akwai likita a cikin masu aiki da mu.

Ki yafe mini, Yaya. Yaron nan a kafaɗata ya girma.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Jikin Saje ba daɗi, jininsa ya hau, kuma ya ƙi shan magani. Matar Dogo ta koma wurin iyayenta, ban hana ta ba, gidan ba ya zaunuwa. Na buɗe shago don in na zauna tunani zai kashe ni.

Na karanta masa wasiƙarka. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce: "Da can da bai san ɗan yayarsa ne ba, ya sani sarai. Yanzu kuma ba a iya sani." Ya juya fuska bango.

Ni ma gaskiya kalmar nan ta tsaya mini a wuya. Ba a iya sani. Haka likita ya ce mana lokacin ciwon Inna, alhali ya san kwana uku suka rage mata. In kun san abu kuna tsoron faɗa, haka kuke yi, ku masu karatu. Na raine ka, Auta, na san muryarka in kana kewaye-kewaye. Ka kawo mini mai ɗaga ɗan'uwa, ka kawo mini lamba goma sha ɗaya, amma ba inda ka ce Dogo bai gudu ba.

Ga takardar. Sau biyar na je ofishin bariki, kullum a ce oga ba ya nan. A zuwa na biyar wata akawu da na taɓa ɗinka wa kaya ta gane ni, ta ja ni gefe ta yi mini kwafi. Shafi uku ne. Na duba na duba, da yaren likitoci ne, rubutun kuma kamar kaza ta bi ta kai. Akwai zanen mutum gaba da baya, an yi ƙananan alamu a jikinsa. Ban nuna wa kowa ba, ba na son maganar ɗana ta shiga bakin 'yan unguwa. Sun riga sun fara. Ranar nan a shago wata ta ce wai ta ji duk rundunar gudu suka yi, tana faɗa tana kallon almakashina.

Sharaɗi ɗaya zan kafa maka. Kada ka lallashe ni. Abin da ka gani a takardar nan shi za ka rubuto, kamar yadda za ka rubuta a kan mutanen kwalayenka da ba su da uwa. In ka yi mini ƙarya zan gane, Saje ma zai gane, kuma daga nan ba sauran abin da za ka faɗa a yarda.

Bari in faɗa maka wani abu da ya daɗe yana cina. Yaron nan yana da shekara tara ya ɗaura murfin tukunyata a hannu, yana dukan ƙofa da muciya, wai shi ne jarumin da Kawu ya ba da labari. Uban yana gefe yana tafa masa. Ku biyu kuka haɗu kuka yi mini wannan, ɗaya da lambobin yabo, ɗaya da littattafai. Ni so na yi ya koyi gyaran mota.

Ina jira.

Yayarka

*

Auta,

Ina gaishe ka, in kana da rai. Yau sati bakwai da na aika maka takardar. Na je gidan waya sun tabbatar mini ta isa.

Saje ya faɗi a banɗaki ranar Lahadi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Muna babban asibiti, ɗaki na huɗu, gado na bakin taga. Bakinsa ya karkace amma ana gane maganarsa. Kullum in na shigo da safe abin da yake fara tambaya shi ne, "Ta zo?" In ce ba ta zo ba. Jiya ya ce in daina zuwa gidan waya, wai shirun ma amsa ce, da alheri ka gani da tuni ka rubuto.

Likita ya kira ni waje ya ce duk wanda ya kamata ya gan shi a sanar da shi. Ba na son mutumin nan ya tafi yana ƙyamar ɗansa. In kuwa abin da yake zato ne, ka faɗa kowa ya huta.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaishe ki, ina yi wa Saje sannu, Allah ya tashi kafaɗarsa. Ni lafiyata ƙalau, ba ciwo ne ya hana ni rubutu ba. Tsoro ne.

Ranar da takardar ta zo na karanta ta, kuma a ranar na gane abin da ke ciki. Na kai wa likitan da muke aiki tare ba tare da na ce masa ɗan yayata ne ba, ya faɗi abin da na gani. Sau takwas na fara rubuto miki ina yagawa. Na ga kamar in na yi shiru na rage miki wani abu. Ban yi tunanin yadda za a fassara shirun ba, wannan ma wani laifin ne a kaina.

Ki fara gaya wa Saje wannan: Dogo bai gudu ba. Ba lallashi ba ne, kuma ga dalili.

Akwai raunin harsashi a cinyarsa ta hagu, ta gaba ya shiga. Mai irin wannan rauni ba ya gudu ko ya so. Akwai yanka a tafin hannunsa na dama da bayan dantsensa, irin na wanda ya tare wuƙa da hannu, yana fuskantar mai ita. Wannan shi ne abin da muke fara nema a jikin mayaƙi, kuma yana nan a jikinsa.

Sauran kuma kin ce kada in lallashe ki. Zan rubuta, amma in kin ga dama ki tsaya a nan, abin da ke sama ya ishi Saje.

A wuyan hannuwansa biyu akwai shaidar igiya, ta ci fata sosai. Gwiwoyinsa duka sun goge. Harsashin ƙeya daga sama ya shiga ya yi ƙasa, kuma bakin bindigar yana dab da kansa, don ya ƙona gashi. Wanda ya harbe shi a tsaye yake, shi kuma yana durƙushe, hannuwansa a ɗaure ta baya. Kama shi aka yi da rai.

Haƙarƙarinsa uku sun karye, kuma likitan ya rubuta cewa sun fara ɗinkewa. Ƙashi ba ya fara ɗinkewa sai mutum yana raye, kuma sai an yi wajen sati biyu. Raunin cinyar ma ya yi ruwa, ba a ɗaure shi da komai ba. Cikinsa babu abinci. Ramar da kika gani ke nan. Ya yi kamar sati biyu a hannunsu kafin su kashe shi.

Na san wannan shaidar ne don ina koyar da ita. Akwai darasin da nake yi kowace shekara a kan yadda mayaƙan da suke yi da waɗanda suka kama. A ramin nan namu akwai mutum biyar a gefe ɗaya, ƙasusuwan hannunsu a haɗe ta baya, sara ɗaya kowannensu, daga sama. Satin da ya wuce darasin ya zo. Na tsaya a gaban tebur, ɗalibai talatin suna jira da biro a hannu, na ɗauki ƙoƙon kan ɗaya daga cikinsu. Na ajiye na ce su tafi. Shekara goma sha biyar ina faɗin wannan abu ina jin daɗin yadda aji ke yin tsit.

Ban san abin da suka nema a wurinsa ba, ban san abin da ya faɗa ko ya ƙi faɗa ba, takarda ba ta nuna wannan, kuma ba zan sake ƙara gishiri ba. Abin da na sani shi ne ya fuskance su har ƙafarsa ta kasa ɗaukarsa.

Za a gama zango ranar Alhamis ta sama. Zan taho, ko za ki kore ni daga ƙofa.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Ina gaishe ka. Saje yana nan da rai, har ya fara shan ruwa da hannunsa na hagu. Likita ya ce kada mu sa rai da yawa, amma jiya ya fi shekaranjiya.

Wasiƙarka ta zo ranar Litinin da hantsi. A bencin da ke ƙofar ɗakin na zauna na karanta ta, ban tsaya inda ka ce in tsaya ba. Na shiga na karanta masa rabin farko. Ya ce in ci gaba, ya ga takardar da saura. Na karanta masa duka. Ya ce in maimaita wurin tafin hannu. Na maimaita.

Auta, mutumin nan ya yi kuka, ya kira sunan ɗansa har sau uku da karkataccen bakin nan. Ya sa na koma gida na ɗauko hoton, yanzu yana kan akwatin da ke gefen gadonsa. Duk wanda ya shigo, nas ko mai shara ko ɗan dubiyar gadon kusa, sai ya nuna masa ya ce ɗana ne, kama shi suka yi, bai gudu ba. Fuskarsa har wani haske take yi. Ya ce in gaya maka ya gode, ka cika malami. Abin da na roƙe ka ka yi, kuma ka yi shi da gaskiya.

Yanzu saura nawa, wanda ban taɓa gaya wa kowa ba. Ranar da Dogo zai koma bakin aiki zuwansa na ƙarshe, ni na raka shi tasha, uban gwiwa ta hana shi. Ya sa ƙafa ɗaya a mota, na riƙe hannun rigarsa na ce masa, "In abu ya ɓaci ka gudu. Kada ka tsaya don a ce. Ka gudu ka dawo mini, ni zan ji da ubanka." Ya yi dariya ya ce, "To, Mama."

Tun ranar da Saje ya faɗi inda harsashin ya shiga, na ce shi ke nan, maganata ya bi. Na ce ni na juya masa baya aka harbe shi, ni na jawo ubansa ya kife hotonsa. Wata biyar ina yawo da wannan. Amma a ƙarƙashinsa akwai wani abu da nake riƙe da shi, ban ma san ina riƙe da shi ba sai da ka karɓe. Ina cewa ko ba komai gida ya nufa. Ina cewa abin farat ɗaya ne, yana gudu, bai ma ji ba.

Na zauna na lissafa satin nan biyu. Ina shago a lokacin, ina ɗinkin rigunan 'yan makaranta, rediyo a kunne, ina faɗa da mai kawo zare. Ko gabana bai faɗi ba. Wace irin uwa ce ake yi wa ɗanta haka sati biyu jikinta bai gaya mata ba?

Ka wanke shi, ka wanke ni ma, kuma Saje ya samu ɗansa. Ka zo, ba zan kore ka ba, ɗakinka yana nan. Amma kada ka jira godiya daga wurina tukuna. A ɗakin nan kowa murna yake taya mu, ina amsawa da amin, ina gyara wa Saje matashi. Ni kuwa wallahi, Auta, da ma ya ji maganata. Da ma ya gudu, ko da uban ba zai sake kiran sunansa ba har abada.

Yayarka